Tanar Roba Mai Launin Inabi: Tarihin Launi a Koton Kamun Kifi na Amurka

Babu tana mai launin shunayya a cikin ƙasar noman Amurka, babu kuma mai jan wutsiya ko mai ɗigon azurfa a jikinta. Duk da haka, tun daga shekarun 1960 masu kamun kifi da fatsa a wannan ƙasa suke maƙala wa ƙugiyarsu tanar roba mai irin waɗannan launuka, kifi kuma yana haɗiya. A yau babban kamfanin da ke ƙera koton roba yakan fitar da samfuri guda cikin launuka fiye da ɗari, a gefe guda kuma ga dubban mutane da ke narka roba a garejin gidajensu suna haɗa launin da babu shi a kanti.

Tarihin wannan sana'a tarihi ne na idanu iri biyu. Akwai idon kifi, wanda launukan da yake bambancewa ba su da yawa, akwai kuma idon mai saye, wanda ba ya ƙoshi da sabon abu. Cikin shekaru fiye da saba'in, kowane sabon launi sai da ya gamsar da mutum kafin ya isa gaban kifi, kuma akasarin sababbin dabarun sun fito ne daga ɗakin girki ko rumfar bayan gida kafin masana'antu su karɓe su.

Akron, birnin roba

Kifin da aka yi duk wannan hidima dominsa shi ne bas mai babban baki, wani kifin ruwan daɗi na Arewacin Amurka. Halinsa ya yi kama da na giwan ruwa: yakan laɓe cikin ciyawa ko gindin itacen da ruwa ya shanye, ya yi wa ƙananan kifaye da kwaɗi da jatan lande kwanton ɓauna. Ba shi da girma sosai. Wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun duniya, nauyinsa ya ɗan haura kilo 10 ne kawai. Amma yana da faɗa idan ƙugiya ta kama shi, kuma ana samunsa kusan a kowace jiha, shi ya sa ya zama kifin wasanni na farko a ƙasar.

Tun a ƙarni na 19 ake ƙoƙarin yin tana da robar itace, sai dai irin wannan roba tana da tauri, kifi na cafka yake tofarwa. Mafitar ta fito ne daga Akron ta jihar Ohayo, cibiyar kamfanonin taya irin su Goodyear da Firestone da B.F. Goodrich. A 1926 wani masanin sinadarai na kamfanin Goodrich, Waldo Semon, yana neman abin da zai manne roba da ƙarfe, sai ya gano cewa idan aka dafa sinadarin PVC, wanda a lokacin ake ɗauka marar amfani saboda gautsinsa, tare da wani mai na musamman, yakan koma abu mai laushi da lanƙwasuwa. Gwargwadon yawan man, gwargwadon laushin.

Bayan shekara 23, wani ma'aikacin injina na wannan birni, Nick Creme, tare da matarsa Cosma, suka soma dafa wannan haɗi a gidansu. Sun yi mazubi daga tana ta gaske, suka yi ta gwada sinadarai da mai da launi har a 1949 suka sami tanar da ba ta taurarewa ko ta daɗe a ajiye. A 1951 suka fara sayar da ita ta gidan waya, guda biyar a kan dala ɗaya. Manufar Creme a fili take: ya kwaikwayi halitta. Tanarsa ta farko launin tanar ƙasa gare ta, da gaɓoɓinta da komai, domin tunanin wancan lokaci shi ne ba a yaudarar kifi sai da abin da ya saba gani.

Tafkunan kudu da zamanin shunayya

Abin da ya sauya wannan tunani ya faru ne nesa da Ohayo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta gina madatsun ruwa masu yawa a jihohin kudu, domin wutar lantarki da kare garuruwa daga ambaliya. Manyan tafkuna irin su Sam Rayburn da Toledo Bend a yankin Teksas, da Eufaula a kan iyakar Alabama da Jojiya, duk a shekarun 1960 suka cika. A wurare da dama ba a sare dazuzzukan ba kafin a tare ruwan, saboda haka itatuwa suka kasance a tsaye a ƙarƙashinsa. Bas ya sami maɓoya ya hayayyafa, amma duk koton da ƙugiyarsa ke waje sai ya sarƙe a reshe.

Masu fatsa na yankin Tyler a gabashin Teksas su ake dangantawa da dabarar da ta warware matsalar. Sukan zura ƙugiya ɗaya ta kan tanar, su juya tsininta su soke shi cikin jikin robar, su sa ɗan dalma mai siffar harsashi a gaba. Da haka tana ke ratsa rassa ba ta maƙale, sai kifi ya cafka sannan a fizga tsinin ya huda ya fito. Cinikin Creme ya bunƙasa a Teksas har kamfanin ya buɗe masana'anta a Tyler, daga baya ya tare can gaba ɗaya.

A cikin waɗannan tafkuna, inda ruwa ke da duhu saboda ruɓaɓɓun ganyaye da laka, aka lura cewa tana baƙa ko shuɗiya ko mai launin shunayya tana kama kifi fiye da mai launin halitta. Daga nan ƙofa ta buɗe. Tom Mann na garin Eufaula ya fitar da Jelly Worm a 1967, tana mai laushi wadda haske ke ratsa ta, ya sa mata ƙanshin 'ya'yan itatuwa, ya kuma raɗa wa launukan sunayensu: inabi, sitiroberi da makamantansu. Wannan dabara ce ta kasuwa mai zurfi, domin mutumin da ya buɗe leda ya ji ƙanshin alewa ya riga ya saya kafin kifi ya ce komai. A 1972 kamfanin Mister Twister na jihar Luwiziyana ya ƙara wa koton siririyar wutsiya mai lanƙwasa da ke kaɗawa a ruwa, kuma wutsiya mai launi dabam da na jiki ta zama ruwan dare.

Gasar kamun kifi ta ƙara rura wutar. Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. a 1968, aka kuma fara babbar gasar Bassmaster Classic a 1971. Da zarar mujalla ta buga cewa wane ya ci kuɗi da tana mai launi kaza, sai launin ya ƙare a kantuna. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar ta shigo da al'adar sakin kifi da ransa bayan an auna shi. Wannan ta ceci kifaye masu yawa, ta kuma haifar da imani tsakanin masu fatsa cewa kifin da aka taɓa kamawa ya waye, sai an zo masa da launin da bai taɓa gani ba.

Ƙyalƙyali, gishiri da launin kabewa

Garin ƙyalƙyali ya girmi tanar roba. Ana danganta ƙirƙirarsa ta zamani da Henry Ruschmann, wani ma'aikacin injina a jihar New Jersey, wanda a 1934 ya samo hanyar yanka faifan roba mai sheƙi zuwa ƙananan ɓarɓashi. Da masu yin koto suka fara barbaɗa shi cikin narkakkiyar roba, sai lissafin launuka ya ninka: jiki kala goma da ƙyalƙyali kala goma sun ba da haɗi ɗari ba tare da an sake mazubi ba. Ƙwayoyin sukan yi walƙiya kamar ɓawon ƙaramin kifi idan ya juya a rana, baƙaƙen kuma sukan yi kama da ɗigon jikin jatan lande.

Daga shekarun 1980 akalar ta sake juyawa zuwa launukan ƙasa. Kamfanin Zoom, wanda Ed Chambers ya kafa a jihar Jojiya a 1977, shi ake yawan ambata a kan yaɗuwar launin da suke kira ƙwayar kabewa, wato ruwan ƙasa mai baƙin ɗigo, da kuma koren kabewa, wani kore mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Koren kabewa da launin kankana su ne har yau kan gaba a ciniki. Ba su kwaikwayi wata halitta guda ba, amma sun yi kusa da launin abubuwa da yawa da bas ke ci a ƙasan ruwa.

A daidai wannan zamani Gene Larew ya shigo da cusa gishiri cikin robar, bisa hujjar cewa kifi ya fi daɗewa riƙe da abu mai ɗanɗanon gishiri. A tsakiyar shekarun 1990 Gary Yamamoto ya fitar da Senko, ɗan sandar roba cike da gishiri wanda ke nutsewa a hankali yana karkarwa. Gishiri yana taɓa launi: yana dusashe shi, yana kuma hana haske ratsawa, don haka haɗin da ya yi kyau a roba zalla sai an sake auna shi idan gishiri ya shiga.

Can a yammaci kuwa, tafkunan Kalifoniya masu garau da yawan masu fatsa sun haifar da wata al'ada dabam. A irin wannan ruwa kifi yana ganin koto da kyau, saboda haka ƙananan masu sana'a suka riƙa zuba siririyar tana da hannu, hawa biyu ko uku, kowane hawa da launinsa, wani lokaci da siririn layi ja ko shuɗi a tsakiya kamar jijiya. Inji bai iya wannan aiki ba a lokacin. Kamfanin Roboworm ya yi suna ne saboda ya ƙera na'urar da ke kwaikwayon hannun mai zubi.

Yadda ake haɗa launi a gida

Abin da mai yin koto a gida yake saya a yau jikan haɗin Semon ne, sunansa filastisol: ƙananan ƙwayoyin PVC da ke yawo cikin mai tausasawa. A cikin jarka fari ne kamar madara. Idan aka ɗora shi a wuta ko a na'urar ɗumama abinci, yakan fara yin kauri kamar kunun da ya kwana, sannan a wajen digiri 177 a ma'aunin Salshiyas ya koma ruwa garau mai kaurin zuma. A nan ne ake sa launi, da ɗigo ake ƙirgawa, kuma mai hankali yakan rubuta adadin ɗigon da yawan robar a littafi, domin launin da ba a rubuta ba da wuya a sake samunsa daidai.

Kayan launin iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne darasi na farko. Akwai rini, wanda ke narkewa cikin man robar ya ba da launin da haske ke ratsawa, amma yana zuba: idan aka ajiye tana mai jan rini kusa da fara a leda ɗaya, bayan kwanaki farar za ta koma ruwan hoda. Akwai kuma garin launi, wanda ba ya narkewa, ƙwayoyinsa ne ke warwatsuwa cikin robar, shi kuwa ba ya zuba. Duk wanda zai haɗa launi biyu a jiki ɗaya dole ya yi la'akari da wannan. Sai garin lu'ulu'u, wanda ake yi da ɓarɓashin dutsen mika, mai ba da sheƙi irin na cikin kifi. Ƙyalƙyali a ƙarshe ake zuba shi, kuma sai wanda aka yi domin jure zafi, don na kwalliya yakan nannaɗe ko ya saki launinsa ya ɓata tukunyar baki ɗaya. Manyan ƙwayoyi suna nutsewa ƙasan kofi idan robar ta yi ruwa da yawa, shi ya sa ake barinta ta ɗan huce a kuma yi ta juyawa har lokacin zubi.

Zane kuwa ya dogara ga lokaci da zafi. Mafi shahara shi ne hawa biyu, baya mai duhu da ciki mai haske, wanda ya bi tsarin jikin yawancin kifaye. A buɗaɗɗen mazubi, na filasta ko na silikon, ana zuba launin farko ya cika rabi, a jira ya ɗan kama jiki, sannan a zuba na biyu. Idan an yi gaggawa, launukan su cakuɗe. Idan an yi jinkiri, hawan biyu su ƙi mannewa, koton ya rabe a jifa na farko. Tazarar da ke tsakanin kuskuren biyu daƙiƙoƙi ne. Masu mazubin alminiyom mai ɓari biyu sukan yi amfani da manyan sirinji guda biyu da aka haɗa bakinsu, su tura launukan a lokaci guda, kuma sai zafin tukwanen biyu ya zo ɗaya, in ba haka ba wanda ya fi ruwa ya mamaye ɗaya. Ana yin zanen marmara ta hanyar zuba launi biyu a kofi ɗaya ba tare da an gauraya su sosai ba. Wutsiya mai launi dabam ana samunta ta zuba ta da farko, ko ta tsoma ta cikin rini bayan koton ya huce. Wasu sukan zana ratsi da fenti na musamman, su manna idanu, sannan su tsoma koton cikin roba garau domin ta rufe zanen.

Aikin yana da haɗari na gaske. Narkakkiyar roba ta fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma tana manne wa fata. Ɗigon ruwa ɗaya idan ya faɗa cikinta yakan koma tururi nan take ya watsa robar. Idan zafi ya wuce kima, robar takan ƙone ta yi ruwan ɗorawa, ta saki hayaƙi mai ɗauke da iskar haidirojin kulorayid mai cutar da huhu. Shi ya sa ƙa'idar sana'ar ita ce safar hannu, tabarau, abin rufe hanci, wuri mai iska, da na'urar ɗumamar da ba za ta sake ganin abinci ba.

Abin da kifi yake gani

Tun kafin a haifi tanar roba masana suka fara binciken idon bas. A 1937 Frank Brown ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a jihar Ilinoi, inda ya horar da ƙananan bas su kusanci launi guda domin samun abinci. Kifayen sun gane ja cikin sauƙi, amma sun riƙa rikita shuɗi da baƙi, da kuma ruwan ɗorawa da launuka masu haske. Bayan shekara tamanin, wani binciken da Lisa Mitchem da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Ilinoi, wanda ya fito a 2018, ya tabbatar da hakan ya kuma bayyana dalili. Idon mutum yana da ƙwayoyin gane launi iri uku, na bas kuwa iri biyu ne, ɗaya ya fi jin kore ɗaya ya fi jin ja. A gwajin, kifayen sun kasa bambance fari da shartus, wato koren nan mai ruwan ɗorawa da masu fatsa ke ji da shi, sun kuma sha wahalar raba shuɗi da baƙi.

Ruwa ma yana rage launi. A ruwa mai garau, ja ne ke fara ɓacewa cikin 'yan mitoci, ruwan goro da ruwan ɗorawa su biyo baya, shuɗi ya fi kowa nisa. A ruwa mai laka ko gansakuka lissafin yakan sauya, kuma hasken gaba ɗaya ba ya nisa. A tsakiyar shekarun 1980 Loren Hill na Jami'ar Oklahoma ya fitar da Color-C-Lector, na'urar da ake zura wa ruwa ta auna haske ta nuna launin da ya dace. Ta yi tashe, kamfanoni suka fitar da launuka domin su dace da allonta, daga baya tashen ya lafa.

Idan aka tattara, abin da ya fi tasiri shi ne duhu ko hasken koton idan aka gwama shi da abin da ke bayansa, da yadda haske ke ratsa shi, da motsinsa. Wannan ya fayyace nasarar tanar shunayya ta shekarun 1960: a ruwa mai duhu, abu ne mai duhu da ke fita sarai. Ya kuma fayyace tsohuwar ƙa'idar masu fatsa, wadda suka gano da gwaji kafin masana su auna ta: launin halitta mai ratsa haske a ruwa garau, baƙi ko mai haske sosai a ruwa mai laka. Sauran launukan suna aiki ta wata hanya. Mutumin da ya yarda da kotonsa yakan daɗe yana jefa shi, ya ja shi da natsuwa, ya lura da ƙaramin motsin zare, kuma irin wannan mutum ya fi kama kifi.

Abin da ke saura a ruwa

Siffar da ta sa tanar Creme ta yi nasara, wato rashin lalacewa, ita ce matsalarta a yau. Koton roba yana yagewa ya zame daga ƙugiya, ya kwanta a ƙasan tafki. Wani bincike da aka yi a jihar Maine, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa kifin tirawut da aka ba irin wannan koto ya haɗiye shi da kansa, kuma ya rame. Wani da aka yi a tafkin Charleston na lardin Ontariyo a Kanada ya gano koton a cikin tumbin kifaye, ya kuma nuna cewa robar tana kumbura a ruwa, ba ta ruɓe ba bayan shekara biyu. Akwai damuwa kan wasu daga cikin mayukan tausasawa, dangin fitalet, waɗanda ke tsatsafowa daga robar. Ƙyalƙyalin da ke cikinta kuwa tun asali ɓarɓashin roba ne, irin wanda Tarayyar Turai ta fara taƙaita sayar da shi a 2023.

Hukumomi sun bi hanyoyi dabam-dabam. A Japan, inda aka shigo da bas a 1925, an hana amfani da tanar roba a wasu tafkuna, ciki har da Kawaguchi da ke gindin dutsen Fuji. A Maine an gabatar da ƙudurin haramta ta a majalisar jiha a 2013, amma bayan nazari hukumar kula da kifaye ta fifita wayar da kai a kan haramci. Kamfanoni sun fitar da koton da aka yi da sinadarai masu narkewa a ruwa, masu sayar da filastisol da dama kuma sun koma haɗin da babu fitalet.

Masu zubin gida suna da tasu gudummawa, domin wannan roba tana sake narkewa. Da yawansu sukan tara yagaggun koto, nasu da na abokai, su wanke su, su busar da su sarai, su mayar tukunya. Idan an ware su launi-launi, ana samun abin da ya yi kusa da na asali. Idan kuwa aka zuba su gaba ɗaya, inabi da kankana da koren kabewa da duk ƙyalƙyalinsu, abin da yakan fito shi ne wani ruwan ƙasa mai duhu marar suna, wanda bai yi nisa da launin da Nick da Cosma Creme suka fara da shi a 1949 ba, kuma bas yana cafke shi.